Addinin Buda da Sunan da Ya Yi na Salama

A darasinmu na wannan wata za mu duba wani addini wanda mabiyansa ke nesa da mu, amma sunansa ya daɗe da isowa kunnenmu. Duk inda aka ambaci addinin Buda, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne sufi mai askakken kai, sanye da mayafi ruwan goro, yana zaune shiru, ko sauro ba ya kashewa. Har wasu sukan ce shi kaɗai ne addinin da bai taɓa zub da jini ba. Ya kamata mu auna wannan magana da ma'auni na gaskiya, gama yabon da ya wuce gona da iri da kushen da ya wuce gona da iri duk shaidar zur ne.

Tushen koyarwar

An haifi Siddata Gautama a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni na 6 ko na 5 kafin haihuwar Kristi. Ɗan sarauta ne, amma ya bar gidan ubansa domin ya nemi dalilin wahalar ɗan Adam. Daga baya aka kira shi Buda, wato wanda ya farka. Ya koyar cewa rayuwa ba ta rabuwa da wahala, cewa tushen wahala shi ne kwaɗayi, cewa ana iya kashe wutar kwaɗayin nan, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai mutum ga haka. Haɗama da ƙiyayya da duhun kai su ne dafi uku da ya ce suna lalata zuciya.

Akwai dokoki biyar da kowane mabiyi yake ɗauka, ta farkonsu kuwa ita ce kada a ɗauki ran wani abu mai rai. Sufin da ya kashe mutum da gangan, dokar sufaye ta fitar da shi daga zumuntarsu, babu komowa. Ana kuma horar da mabiyi ya yi wa dukan halitta fatan alheri, har da maƙiyinsa. Saboda haka, in a kan koyarwa ne, sunan nan ba na banza ba ne.

Waɗanda suka riƙe amana

Tarihi yana da shaidu. Wajen shekara ta 261 kafin Kristi, Sarki Asoka na Indiya ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a kan dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Ba kasafai sarkin da ya yi nasara yakan rubuta nadamarsa inda jikoki za su karanta ba. Bayan haka ya ba da ƙarfinsa ga addinin Buda, ya kuma umarci talakawansa su girmama addinin juna.

A zamaninmu ma akwai irinsu. Dalai Lama ya tsere daga Tibet zuwa Indiya a 1959, bayan Sin ta mamaye ƙasarsa, amma ya ci gaba da neman haƙƙin mutanensa ba tare da makami ba, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1989. A Kambodiya, bayan kisan gillar da gwamnatin Khmer Rouge ta yi daga 1975 zuwa 1979, wani dattijon sufi, Maha Ghosananda, ya soma jagorantar tattakin salama a 1992, yana ratsa yankunan da aka binne nakiyoyi. A Myanmar kuma, a 2007, dubban sufaye suka fita titi hannu wofi, suka fuskanci bindigogin soja.

Waɗanda suka karkace

Amma akwai ɗaya gefen, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. A Japan ta dā, manyan gidajen sufaye, kamar na Dutsen Hiei, sun riƙe mayaƙa nasu, suna yaƙar juna, suna tsorata fadar sarki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shugabannin addinin da dama a ƙasar sun sa wa yaƙin albarka, sai bayan shekaru masu yawa wasu ɗarikunsu suka fito suka nemi gafara.

A Siri Lanka akwai tsohon littafin tarihi mai suna Mahawamsa. A ciki an ba da labarin Sarki Dutugemunu, wanda hankalinsa ya tashi saboda yawan mutanen da ya kashe a yaƙi, sai sufaye suka kwantar masa da hankali da cewa waɗanda ba su bi tafarkin Buda ba, ba a lissafa su kamar cikakkun mutane. A 1959 wani sufi ne ya harbe Firayim Minista Bandaranaike. A lokacin yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009, wasu sufaye sun yi ta ƙin duk wani sulhu da 'yan ƙabilar Tamil. A 2014 kuma, bayan wani gangamin ƙungiyar Bodu Bala Sena, aka auka wa Musulmi a garin Aluthgama.

A Myanmar ɗin nan da sufaye suka yi tattaki a 2007, wani sufi mai suna Wirathu ya yi suna da wa'azin ƙin Musulmi. A 2017, sojojin ƙasar suka far wa 'yan Rohingya, har fiye da mutum 700,000 suka gudu zuwa Bangaladesh. Soja ne suka riƙe bindiga, amma wa'azin ƙiyayya ya riga ya share musu hanya.

Ina gizo yake saƙa?

In mun lura, a duk wuraren nan abu ɗaya ne ya faru. An ɗaura wa addini aure da sarauta ko da ƙabila, har aka daina rarrabe su. Sa'an nan aka shuka tsoro, aka ce wa jama'a baƙi za su fi su yawa, addinin kakanninsu zai shuɗe. Mutumin da aka tsorata haka yakan ɗauki sanda yana ganin ibada yake yi. Dokar farko tana nan a rubuce, ana maimaita ta a wurin sujada, amma an riga an cire maƙwabci daga cikin waɗanda ta shafa.

Abin da ya rage gare mu

A takardar Nostra Aetate ta 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta ambaci addinin Buda da sunansa, ta kuma koyar cewa Ekklesiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a sauran addinai. A 1986 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya gayyaci shugabannin addinai, har da Dalai Lama, zuwa Assisi domin addu'ar salama. A 2017 Paparoma Francis ya gana da manyan sufayen Myanmar, daga nan ya wuce Dhaka, ya sadu da 'yan gudun hijirar Rohingya. Ya girmama waɗancan, bai kuwa juya wa waɗannan baya ba.

Haka ya kamata mu yi. Mu yaba wa koyarwar da ta hana kisa, mu kuma kira mugunta da sunanta ko da wanda ya aikata ta yana sanye da mayafin sufi. Kada kuma mu manta cewa ma'aunin da muka auna su da shi, da shi za a auna mu. A 1963, sufayen Biyetnam ta Kudu sun tashi suna kukan danniya daga gwamnatin Ngo Dinh Diem, wanda ɗan Katolika ne, har ɗayansu ya cinna wa kansa wuta a birnin Saigon. Sunan salama ba gado ba ne da al'umma za ta ajiye a akwati; kowace tsara sai ta sake nemansa da halinta ga maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Da me ya fi dacewa a auna addini: da koyarwarsa, ko da halin mabiyansa, ko da duka biyu?
2. Waɗanne kalmomi ne muke ji a wa'azi ko a hira waɗanda ke shuka tsoron maƙwabci?
3. In wani daga cikinmu ya zalunci wanda ba Kirista ba, wane ne ya kamata ya fara tsawata masa?