Yadda Ake Kafa Talabijin a Jikin Bango

An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna kuma ta biyo baya a 1962. Daga wannan lokaci har shekaru da yawa, akwatin talabijin abu ne mai ƙaton ƙeya da nauyi, sai an nema masa tebur mai ƙarfi. Na yanzu kuwa shafal yake kamar allo, don haka gidaje da yawa sun koma rataye shi a bango. Wannan dabara tana da kyau, gama tana ba da fili a falo, tana kuma nisanta shi daga hannun ƙananan yara, waɗanda kan jawo shi daga tebur ya faɗo musu. Amma idan an yi aikin da ganganci, a dare ɗaya iyali za su yi asarar kuɗin da suka daɗe suna tarawa, wataƙila har wani ya ji rauni. A cikin wannan darasi za mu bi aikin daki-daki.

Mu fara da bangon

Kafin mu je kasuwa, sai mu san irin bangon da muke da shi. Yawancin gidajenmu na gari da bulon siminti aka gina su, mai inci 6 ko mai inci 9, kuma cikinsa rami ne. Abin da zai riƙe noti shi ne fatar bulon kaɗai, wadda kaurinta 'yan santimita ne. Filastar da ke sama ba ta riƙe kome. Idan mun huda muka ga ramin yana zubewa kamar yashi, bulon ba shi da isasshen siminti. Maganinsa shi ne a fasa wurin, a cika da kwaɓin siminti mai ƙarfi, a bar shi kamar mako guda ya bushe, sa'an nan a sake hudawa.

Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, ko da an shafe shi da siminti. A irin wannan ɗaki gara a bar talabijin a kan tebur, a ɗaure bayansa don kada ya kife. Idan kuwa bangon na falanki ne, dole notin ya shiga cikin katakon da ke bayan falankin. Wanda yake gidan haya kuma ya nemi izinin mai gida tukuna, domin ramuka huɗu a bangon wani sun isa su kawo rashin jituwa.

Zaɓen ƙarfen ratayewa

Ƙarfen da ake rataye talabijin a kai, wanda masu shago ke kira biraket, iri uku ne. Na farko yana manne da bango, ba ya motsi. Na biyu yana sunkuyawa ƙasa kaɗan, ya dace da inda aka kafa talabijin sama da kai. Na uku yana da hannu mai miƙewa da juyawa dama da hagu.

A bayan talabijin akwai ramuka huɗu na noti. Wata ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki mai suna VESA ce ta tsara tazararsu tun 1997, domin ƙarfen wani kamfani ya shiga talabijin na wani. Ana auna tazarar da milimita: 100 da 100 a ƙanana, 200 da 200 a matsakaita, 400 da 400 a manya, akwai kuma waɗansu a tsakani. Mu auna namu da tef, mu rubuta a takarda. Mu duba nauyin talabijin a littafin da ya zo da shi, mu gwada da nauyin da aka rubuta a kwalin ƙarfen. Mai inci 32 na yanzu yakan kai kilo 4 zuwa 5, mai inci 55 kuwa yakan wuce kilo 10. Kullum mu sayi ƙarfen da zai ɗauki fiye da nauyin da muke da shi. Araha ba ta ado.

'Yan ajin kimiyya za su tuna da darasin ƙarfin juyawa, wato nauyi sau nisa. Talabijin mai kilo 10 da ke nesa da bango santimita 5 yana ba da 50. Idan aka miƙe hannun ƙarfen ya kai santimita 40, lissafin ya zama 400, wato ninki takwas, alhali nauyin bai ƙaru ba. Wannan ƙarfi notunan sama yake ja waje, yana kuma danna na ƙasa cikin bango. Saboda haka notunan sama su ne suka fi muhimmanci, kuma ƙarfe mai hannu bai dace da bango mai rauni ba.

Wuri da tsayi

Mutane da yawa sukan kai talabijin can kusa da silin, kamar yadda suke gani a otal. A gida wannan yana kawo ciwon wuya. Tsakiyar gilashin ya kamata ta yi daidai da idon wanda ke zaune. Ga mai zama a kujera, wannan yakan kama santimita 100 zuwa 110 daga ƙasa. Idan yara a tabarma suke zama, sai a rage kaɗan. Game da nisa, incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai inci 43 ke nan ya kai santimita 109, kuma zama a nisan mita 2 ko kusa da haka zai yi daɗi ga ido.

Kada mu sa shi yana fuskantar taga, don haske zai riƙa dukan gilashin. Mu guji bangon da ke jiƙewa da damina. Mu bar masa sarari kamar santimita 10 ta sama da gefe domin zafi ya fita.

Abu mafi haɗari shi ne wayar wuta. Masu haɗa lantarki sukan binne bututun waya cikin bango, daga soket ko makunni ya miƙe sama ko ƙasa, wani lokaci ya bi gefe. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa. Kada mu huda a kan layin soket ko makunni. Idan muna shakka, mu kira wanda ya haɗa wutar gidan.

Aikin kansa

Kayan aiki su ne injin huda bango da bakinsa na siminti, tef, fensir, lebur irin na magina, guduma, sifana da sukurdireba. Ana bukatar mutum biyu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

1. A shimfiɗa bargo a tebur, a kifa talabijin a kai a hankali. A ɗaura masa sandunan ƙarfen guda biyu da notin da ya dace: M4 ga ƙanana, M6 ko M8 ga manya. Noti mai tsawo fiye da kima zai huda kayan da ke ciki, saboda haka idan ya tsaya tun bai kama ba, kada a tilasta shi.

2. A auna daga inda sandunan za su maƙale zuwa tsakiyar gilashin, domin ramukan baya ba kullum suke a tsakiya ba. Da wannan awo za a san inda farantin bango zai zauna.

3. A ɗora farantin a bango, a sa lebur a kansa har kumfar ta tsaya a tsakiya, a yi alamar ramuka da fensir.

4. A huda da baki mai kauri daidai da robar da za a cusa. Roba mai milimita 10 tana son baki mai milimita 10. A share ƙurar ramin, a buga robar har ta yi daidai da bango. Tsinken katako da waɗansu ke cusawa a madadin roba yakan bushe da hunturu ya saki.

5. A ɗaure farantin da noti da washa, a sake duba lebur, sa'an nan a ja shi da ƙarfi da hannu biyu. Idan ya motsa ko kaɗan, aikin bai yi ba.

6. A sa wayoyin eriya da na dikoda tun talabijin yana ƙasa. Mutum biyu su ɗaga shi, su maƙala, su ɗaure ƙananan notunan ƙasa da ke hana shi zamewa. Waɗannan ne aka fi mantawa da su.

Bayan haka a tattara wayoyi cikin bututun roba don kada yaro ya ja su. Bayan wata guda a sake gwada notuna, daga nan kuma sau ɗaya a shekara. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura daga ramukan iska na baya da busasshen tsumma, bayan an cire fulogi.

Ɗalibai, idan kun je hutu ku duba na gidanku. Awo da lissafi aikinku ne, amma huda bango sai da babba a wurin.

Tambayoyi

1. Me ya sa notunan sama suka fi na ƙasa shan wahala?
2. Talabijin mai kilo 8 yana nesa da bango santimita 6. Aka miƙe shi zuwa santimita 30. Sau nawa ƙarfin juyawa ya ƙaru?
3. Santimita nawa ne talabijin mai inci 32 daga kusurwa zuwa kusurwa?