Darasi: Yadda Za Mu Kula da Keke Mai Naɗewa

'Yan'uwa manoma, a wasu ƙungiyoyinmu an fara ganin wani ɗan keke mai ƙananan ƙafafu, wanda ake naɗe shi biyu a sa a bayan mota. Yawancinsu na gwanjo ne. Magatakardan ƙungiya ko mai bishara yakan so irinsa, domin yana iya shiga motar kasuwa da shi, in ya sauka a bakin titi ya buɗe ya hau zuwa ƙauye. Darasinmu na wannan wata a kan yadda za a kula da shi ne.

Da farko mu san dalilin da ya sa aka ƙera shi. An yi shi ne domin ma'aikatan manyan birane, masu hawa daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa, su naɗe shi su shiga da shi. Irin wanda ake kira Brompton, wani Bature mai suna Andrew Ritchie ne ya tsara shi a Landan a 1975. Kamfanin Dahon kuma ya soma a 1982. Yawancin irin waɗannan kekuna an yi su ne don nauyin da bai wuce kilo 100 zuwa 110 ba, wato mahayi tare da kayansa. To, mutum mai kilo 70 in ya ɗora buhun taki mai kilo 50 a kariya, ya riga ya wuce iyaka. Aikin dako na babban keke ne mai ƙafa inci 28. Kada mu sa ɗan maraƙi a garma.

Wurin da ya fi bukatar lura shi ne gaɓar da keken ke naɗewa, wadda take a tsakiyar jikinsa, da kuma ta gindin kan keke. Kullum kafin ka hau, ka tabbata maƙullinsu ya kama sosai. Ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. In ka ji gaɓar tana motsi ko tana ƙara, kada ka hau sai an gyara. Yawancin maƙullan suna da ɗan noti na ƙara ƙarfi. A juya shi kaɗan kaɗan, har sai maƙullin ya zama yana rufuwa da ƙarfin tafin hannu. In ɗan yatsa ɗaya yana iya rufe shi, ya yi sako-sako. In kuma sai an buga da dutse, an matse shi da yawa.

Ƙurar hunturu da yashi sukan shiga gaɓar nan su ci ta a hankali. Saboda haka sau ɗaya a wata a buɗe ta, a share da tsumma, a ɗiga mai ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙusar da take juyawa. Bayan an share, a kai keken rana a duba kewayen gaɓar da kyau ko akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Keken da ya tsage a nan ba abin hawa ba ne. Kafin a kai wa mai walda, a gwada da maganaɗisu. In bai kama ba, jikin keken na alminiyon ne, kuma waldar da ake yi wa garma ba ta yi masa.

Sandar sirdi doguwa ce. Akwai zane a jikinta wanda ke nuna iyakar inda za a ja ta sama, kada a wuce shi. Ba a shafa mata giris, gama in ta yi santsi sirdin zai riƙa zamewa ƙasa. Gogewa da busasshen tsumma ya isa.

Sai sarƙa. Da yake ƙafafun ƙanana ne, sarƙar tana kusa da ƙasa, tana kwasar ƙura da taɓo fiye da ta babban keke. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai a kowace gaɓa, sa'an nan a goge na waje da tsumma. Mutane da yawa sukan yi mata wanka da baƙin mai su bar shi haka, ga zatonsu alheri suka yi mata. Man da ke waje yashi yake kamawa, yashin kuma ya cinye haƙoran firiwil. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, suna daskarewa su yi danƙo. Ga hanyar gane sarƙar da ta gaji: a sabuwar sarƙa, daga ƙusa ɗaya zuwa ƙusa ta 24 bayanta inci 12 ne daidai. In awon ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi.

Ƙafa mai inci 20 takan juya wajen sau 14 a tafiyar da mai inci 28 zai juya sau 10. Shi ya sa taya da robar birki suke saurin cinyewa. A riƙa duba iska kowane mako, gwargwadon awon da aka rubuta a gefen tayar. A duba wayar birki kuma a daidai inda take lanƙwasa idan an naɗe keken, domin a nan take fara tsinkewa.

Wani abin da ya sa mutane asarar kuɗi shi ne sayen taya da ka. Taya mai suna inci 20 iri biyu ce, akwai mai lamba 406 da mai lamba 451, ɗaya ba ta shiga gargaren ɗaya. Haka ma inci 16, akwai 305 da 349. Ka kwafi lambar da ke jikin tsohuwar tayarka a takarda kafin ka tafi kasuwa, ko ka tafi da ita gaba ɗaya. In ka samu daidai, ka sayi tub biyu, gama ba kowane mai faci ne ke ajiye ƙanana ba.

A taro mai zuwa, wanda yake da keke, babba ko ƙarami, ya zo da shi tare da tsumma da ɗan kananzir. Shugaba ya nemo ruler ta makaranta mai inci 12, a auna sarƙar kowa a gaban jama'a. Ƙungiya kuma ta yi shawara ko za ta cire kuɗi daga asusu ta sayi famfo ɗaya, da sifana, da sholisho, da kwalbar mai, a ajiye a hannun ma'aji domin amfanin kowa.