Allon Uba da Allon Ɗa a Cikin Kwamfuta

Zancen kimiyya na yau ya shafi wata 'yar matsala da takan ɗaure wa masu koyon aikin kwamfuta kai, har mutum ya kwana yana neman kuskure a inda babu shi.

A cikin shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ƙera tsarin nan da ake kira Unix, a ɗakin binciken Bell da ke ƙasar Amurka. A cikin wannan tsari akwai wani shiri da ke tsaye tsakanin mutum da na'ura kamar tafinta: mutum ya rubuta umarni, shi kuwa ya karɓa ya isar. Turawa suna ce masa shell, watau ɓawo, domin shi ya lulluɓe ƙwayar tsarin. Wanda Stephen Bourne ya rubuta ya fito a 1979, sa'an nan Brian Fox ya kawo Bash a 1989, wanda aka fi samu a kwamfutocin Linux.

To, kowane aiki da ke gudana a cikin na'urar yana riƙe da wani allo nasa na bayanai, wanda masana ke kira muhalli. Kowane bayani yana da suna, da kuma abin da aka ajiye a ƙarƙashin sunan. Alal misali, HOME yana nuna ma'ajiyar mai aikin, PATH kuwa jerin wuraren da tafinta zai duba ne in an ambaci sunan wani umarni.

Ga inda gizo ke saƙa. Mutum yakan tara umarni da yawa a cikin fayil guda don ya huta da maimaita su kullum. Sai ya sa layin export LAUNI=fari a ciki, ya gudanar da fayil ɗin, kome ya tafi lafiya. Amma da ya rubuta echo $LAUNI don ya ga abin da ya ajiye, sai ya tarar wayam.

Dalili shi ne, in aka gudanar da fayil, tafinta ba ya karanta shi da kansa. Sabon tafinta yakan haifar, ya miƙa masa aikin. Masana ma uba da ɗa suke kiransu. Uban yakan kwafe allonsa ya ba ɗan, kamar yadda malami ke rubuta wa almajiri. Duk abin da ɗan ya ƙara ko ya goge, a kan nasa allon ne. Da aikin ya ƙare sai a wanke allon ɗan, na uban kuwa yana nan yadda yake. Amfanin kalmar export shi ne ta sa bayani ya gangara ga 'ya'ya da jikoki, amma ba ta da ikon mai da shi sama. Haka nan in fayil ɗin ya yi amfani da cd ya koma wata ma'ajiya, uban ba ya motsawa daga inda yake.

Lalle akwai hikima a cikin wannan. Da kowane shiri yana iya taɓa allon wanda ya kira shi, da ɓatacce guda ya isa ya rikita aikin mutum duka.

Maganin abin ɗigo ne guda. In aka rubuta ɗigo, aka bar fili, sa'an nan aka kawo sunan fayil, kamar haka: . ./launi.sh, to, tafinta zai karanta layukan da kansa, ba tare da ya haifi ɗa ba, bayanin kuwa sai ya zauna a allonsa. A cikin Bash ana iya rubuta source a maimakon ɗigon. Wanda yake so bayanin ya dawwama, sai ya sa shi a fayil ɗin .profile, wanda ake karantawa ta wannan hanya a lokacin da mutum ya shiga tsarin da sunansa.

Amma fa a yi hattara, gama wanda ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya ba baƙo iko da kayansa. In akwai kalmar exit a cikin fayil ɗin, tafintan mai aikin ne da kansa zai rufe. In kuma aka rubuta sabon PATH aka manta da tsohon, sai umarni irin su ls su ɓace, na'ura ta ce ba ta san su ba. Daidai shi ne a rubuta PATH=$PATH:/sabo, watau a riƙe na da, a ɗora sabo a bayansa. Saboda haka mai hankali ba ya sa ɗigo a gaban fayil ɗin da bai karanta ba tukuna.