Kurakuran Da Ke Kashe CV Tun Kafin Mutum Ya Karanta Shi



Kwanakin baya ƙanen wani abokina ya turo min CV ɗinsa ta WhatsApp, wai in duba masa, don ya nemi aiki a wurare da dama babu wanda ya ko kira shi. Ina buɗewa sai na ga ashe hoto ne. An buga masa takardar a shago, ya shimfiɗa ta a kan tabarma ya ɗauka da kyamarar waya, har gefen yatsarsa ya fito. Yaron yana da HND, kuma gwani ne a gyaran kwamfuta, amma ina kyautata zaton a wasu wuraren babu wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya.

Ga dalili. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da yawa, ba mutum ne ke fara buɗe CV ba. Wata manhaja ce da ake kira ATS take karɓa, ta tsinto sunanka, imel ɗinka, makarantu da ayyukan da ka yi, ta zuba a rumbunta. Daga nan mai ɗaukar ma'aikata zai lalubo waɗanda yake so da kalmomi, kamar yadda kake bincike a Google. Rubutu manhajar take nema. Idan hoto ka ba ta, ko da ka mayar da shi PDF da CamScanner, galibi ba za ta tsinci abin kirki ba, sai ka zama suna babu bayani.

Gwajin wannan ba shi da wahala. Buɗe PDF ɗin a wayarka, ka danna wata kalma ka riƙe. Idan ta zaɓu har kana iya kwafa, to rubutu ne na gaske. Ka ƙara da kwafe duka shafin ka liƙa a manhajar ajiye rubutu ta wayar, ka ga yadda ya jeru. A nan ne asirin samfuran Canva masu ado yake tonuwa: waɗanda aka raba gida biyu sukan cakuɗe, ka ga lambar waya ta faɗa tsakiyar sunan makaranta. Waɗancan taurari da ake zanawa, wai Excel tauraro huɗu cikin biyar, manhaja ba ta san da su ba, shi ma mutum ba su gaya masa komai. Ni shawarata, ka rubuta a Google Docs ko Word, duk suna aiki a waya, a jere daga sama zuwa ƙasa, sannan ka ajiye shi a matsayin PDF. Idan sanarwar aikin ta ce Word suke so, ka ba su Word.

Sai ƙananan abubuwa da muke rainawa. Sunan fayil ya zama sunanka da CV, ba "Document1" ko jerin lambobin da kyamara ta sa ba. Imel ɗin da ka buɗe kana aji uku na sakandare, mai laƙabi irin na 'yan ƙwallo, ka bar shi wa Facebook, ka buɗe sabo da sunanka, kuma ka riƙa leƙa shi har da akwatin Spam. Lambar waya ta zama wadda ke kunne kullum. Idan aikin na waje ne, ka fara da +234 ka cire sifilin farko.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari: saka lambar NIN ko BVN a CV. Kada ka yi. CV yawo yake daga hannu zuwa hannu, kuma wasu sanarwoyin aiki da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp tarko ne na tattara bayanan mutane. Addini da aure ma ba dole ba ne. Jiha da ƙaramar hukuma kuwa, aikin gwamnatin tarayya yana buƙatarsu saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi, amma kamfanin da ke neman mai haɗa manhaja babu ruwansa da su.

Yanzu abin da ke ciki. Kusan kowa yana rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai iya aiki da jama'a. Tunda kowa ya faɗa, ba ta bambanta ka da kowa ba. Faɗi abin da ka yi. Maimakon "na iya kwamfuta", ka ce ka riƙe lissafin shagon kayan masarufi da Excel tsawon shekara 2, ko ka koyar da ɗalibai 40 lissafi lokacin hidimar ƙasa. Ni kaina takardar sakandare gare ni, don haka ayyukan da na gina nake sawa a sama, da adireshin GitHub ɗina, makaranta ta zo a ƙasa. Sai dai idan ka sa adireshin Google Drive, ka buɗe izini yadda duk mai adireshin zai iya gani. Ka gwada a wayar wani, don a taka kullum zai buɗe.

Batun ChatGPT, ban hana ba, yana gyara Turanci sosai. Matsalar ita ce kwafa ido rufe. Na ga CV da aka bar gurbin da ya ce a sa sunan kamfani yadda yake, na kuma ga wanda aka lissafa masa yarukan kwamfuta 6 alhali ko ɗaya bai taɓa rubutawa ba. Ranar ganawa tambaya ɗaya ta ishe shi.

Na ƙarshe, tura CV guda zuwa ko'ina. Karanta sanarwar aikin, ka ga kalmomin da suka yi amfani da su, idan da gaske ka iya abin, ka rubuta shi da irin kalmarsu, don da ita za a yi bincike. Wanda bai daɗe da gama karatu ba, shafi 1 ya ishe shi, in ya yi yawa 2. Ajiye na asali a Google Docs, duk aikin da ya fito ka yi kwafinsa, ka gyara layukan sama, ka sake gwajin kwafa da liƙawa kafin ka tura.