Darasi: Kalmar da ke Jikin Kwalin Magani

Ranar Lahadi ce, kasuwar Mai'aduwa na ci. Kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki, wasu ma daga Nijar suka ƙetaro ta Kwangwalam. A ce kun saya wa rago magani, kuka juya kwalin, sai ga Turanci: twice daily. Kalmar farko, twice, “sau biyu” ke nan. Ta biyun za mu feɗe yau.

Ido yakan yaudari mai karatu a nan. Bahaushe na ganin d-a-i sai ya faɗa kamar “dai” ta cikin “daidai”. Bature ba haka yake faɗi ba, “dei” yake cewa. Gaɓa biyu ce kalmar: dai da ly. Ku faɗa kuna tafi: dei-li. Ku ɗora ƙarfin murya a gaɓar farko, ku saki ta biyun a hankali.

To, ina ta samo asali? Tushenta day, wato rana. Aka liƙa mata wutsiya ly, sai y ɗin tushen ta koma i. Ma'anarta ta zama “kowace rana”. Ita ce dai a sunan jaridar Daily Trust, yayar Aminiya. Kalmar da ke faɗin yaushe ko yaya aka yi aiki, malaman nahawu na kiranta bayanau.

Wutsiyar nan ita ce ribar darasin. Week mako ne, saboda haka weekly, a faɗa wik-li, “kowane mako”. Month wata ne, monthly kuwa “kowane wata”. Wanda ya ɗauki weekly a matsayin daily zai ɗura wa dabba maganin mako bakwai cikin kwana bakwai.

Akwai wata mai wuyar sha'ani: slowly, wato “sannu a hankali”. Harshenmu ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa bread ta zama burodi a bakinmu. Haka za ku ji bakinku na son cewa si-lo-li. Ku hana shi. Gaɓa biyu ce: slow da ly.

Yau in kun koma gida, ku ɗauko kwalin magani, ku nemo kalma mai ly. Ku danne wutsiyar da ɗan yatsa, ku karanta abin da ya rage.