Lambu a Cikin Tukunya

Ƙasar Gobir tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Manyan garuruwan wannan sashe su ne Sabon Birni da Isa. Ba nisa da Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, watau babban birnin Gobirawa na dā, wanda aka ci da yaƙi a shekarar 1808. Ƙasa ce mai rairayi da zafin rana, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba.

Amma Allah ya yi wa ƙasar nan baiwa da Gulbin Rima. In ruwan damina ya janye, yakan bar baƙar laka mai albarka a fadamu. Nan ne Gobirawa suke noman rani tun kaka da kakanni. Suna shuka albasa, da tumatir, da tattasai, da alayyafo. Dā da jigo suke ban ruwa, yanzu kuwa galibi da inji.

Daga wajen shekarar 2019 'yan bindiga suka tsananta kai hari a ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Manoma da yawa suka kasa zuwa gonakinsu na nesa. Waɗansu suka komo cikin gari, waɗansu suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya bar fadamarsa kuwa ya bar miyarsa, don ganyen da dā yake tsinkowa kyauta sai ya saya da kuɗi. To, ga wata dabara wadda ko yaro na iya yinta. In mutum bai sami zuwa fadama ba, sai ya kawo fadamar tsakar gida a cikin tukunya.

Tsiro ba ya tambaya ko gona tana da faɗi. Abu huɗu kaɗai yake bukata: ƙasa mai taki, da ruwa, da hasken rana, da mai kula da shi. In ya sami waɗannan a cikin fasasshen tulu, zai girma kamar yadda yake girma a bakin gulbi.

Da fari sai a nemi mazubi. Ba sai an saya ba. Tsohuwar tukunya, ko bokitin da ke yoyo, ko jarkar da aka yanke, ko tsohon buhu, duk sun isa. Amma kada a ɗauki abin da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki. Ganye irin alayyafo da latas saiwarsu gajera ce, zurfin taƙi ɗaya ya ishe su. Tumatir da kuɓewa kuwa saiwarsu takan nutsa, sai a ba su buhu ko bokiti mai zurfin kamu ɗaya.

Lalle ne a huda gindin mazubin wuri uku ko huɗu, sa'an nan a shimfiɗa tsakuwa ko tsingaro a kan hujin. Dalili kuwa, saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. In ruwa ya kwanta a gindin tukunya ba shi da mafita, sai saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya, tsiron ya mutu.

Bayan wannan sai haɗa ƙasa. Rairayi zalla ba ya riƙe ruwa, laka zalla kuwa takan daskare ta tsage. Saboda haka akan ɗebi kwano biyu na baƙar ƙasa, da kwano ɗaya na rairayi, da kwano ɗaya na taki, a cuɗa su sosai. Takin da ya fi kyau shi ne kashin awaki da na tumaki wanda ya daɗe a turke har ya bushe ya marmashe. Ɗanyen taki yana da zafi, yakan ƙone saiwa. A cika mazubin, amma a bar yatsa uku a baki domin ruwa.

Kowane iri da yadda ake shuka shi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da rairayi a barbaɗa, don kada ya taru wuri guda. Kafin mako ya zagayo ya tsiro, bayan mako huɗu kuwa an fara tsinka. Kuɓewa akan binne ƙwaya biyu ko uku, in sun fito a bar mai ƙarfin, a cire sauran. Takan fara 'ya'ya bayan kamar wata biyu. Tumatir kuwa akan fara rainonsa a kasko, in ya yi mako huɗu a dasa ɗai ɗai da maraice, a kafa masa kara ya jingina. Ko gindin albasa da uwargida ta yanke za ta yar, in an binne shi yakan fid da lawashi.

Kowane iri kuma da lokacinsa. Tumatir da latas da albasa sun fi son sanyin hunturu. Kuɓewa, da rama, da lalo, da yakuwa, wadda Sakkwatawa suke kira sure, su ba su tsoron zafi.

Ban ruwa shi ne babban aiki, gama ƙasar tukunya ta fi ta gona saurin bushewa. Akan ba da ruwa da sassafe da kuma maraice, ba da tsakar rana ba. Kafin a zuba, sai a tsoma yatsa cikin ƙasar. In da laima, a dakata. Ba sai an je rijiya musamman ba: ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa ya isa, amma ban da mai sabulu ko gishiri. In an rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, ruwan zai daɗe bai ƙafe ba. Da bazara, sa'ad da rana take ƙuna, sai a janye tukunyar zuwa inuwa da hantsi. Wannan shi ne abin da mai tukunya ya fi mai fadama da shi, don ba wanda yake iya ɗaukar gonarsa ya kai ta inuwa.

Lambun gida yana da abokan gaba. Akuya takan cinye aikin wata guda kafin a ɗaura turmi, kaji kuma su tone saiwa. Maganinsu shingen kara ko na ƙaya, ko a ɗora tukwanen bisa dakali. Ƙwari kuwa, a barbaɗa toka a kan ganye da safe, ko a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa. Tsutsa a tsince ta da hannu.

Mai hankali ba ya shuka tukwanensa duka rana ɗaya. In yana da takwas, sai ya shuka biyu kowane mako. Kafin ya gama na ƙarshe na farko sun isa tsinka, gidansu ba zai rasa ganye ba.

Amfanin wannan ya wuce daɗin miya. Tuwo yana ba da ƙarfi, amma ganye yana ƙara jini, yana kuma tsare yara daga dundumi. Kuɗin cefane ya ragu, a sayi gishiri da mai. Tukunya dai ba za ta cika rumbu ba, gero da dawa sai gona. Amma yaron da ya kai wa mahaifiyarsa alayyafon da ya shuka da hannunsa ya taimaki gidansu. Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tambayoyi

1. Wane gulbi ne yake shayar da fadamun Gobir?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne tsiro yake bukata?
3. Don me ake huda gindin tukunya?
4. Me ya sa ba a zuba ɗanyen taki?
5. In yaro yana shuka tukunya biyu kowane mako, tukwane nawa zai shuka cikin mako huɗu?