Darasin Kasuwanci: Sayar da Lasisi Maimakon Kaya

Ɗan kasuwar Jimeta ya saba da saro kaya ya sayar, amma akwai kamfanonin da basira ce hajarsu. Daga cikinsu akwai BrainChip na ƙasar Ostareliya, mai zana ƙwayar kwamfuta da ake kira Akida, wadda ke kwaikwayon aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa domin rage cin wuta.

Kamfanin ba shi da masana'anta. Yakan ba masu ƙera na'urori izinin amfani da zanensa, kamar yadda ya yi da Renesas cikin 2020, sannan MegaChips a 2021, dukansu na Japan. Kuɗin shiga iri biyu ne: na lasisi, wanda ake biya tun farko, da kamasho a kan kowace ƙwaya da aka sayar. Na biyun ne mai tsoka, sai dai yana jinkiri ƙwarai; kamfanin ya bayyana asara a 2022 da 2023.

Saboda haka attajirin da zai zuba jari a ƙirƙirar ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, ya fara da rajistar haƙƙin ƙirƙira, wanda dokar 1970 ta ba kariyar shekara 20. Kada kuma ya bar wa kamfani guda lasisin shi kaɗai ba tare da wa'adi ba.